Yadda Ake Ɗanɗana Boga a Gasar Girki

An yi ta tambayata yadda nake tantance boga, wato burodi mai niƙaƙƙen nama a tsakiya, idan an kira ni alƙalanci a gasar girki nan Abuja. To, ga yadda nake yi.

1. Ka ɗan taɓa abinci kafin ka fito. Mai jin yunwa komai daɗi yake masa.
2. Ka tambayi mai girkin irin naman da ya sa. Hattara: wasu na ɗora siraran yankan naman alade a kai, kada kunya ta hana ka tambaya.
3. Ka yanka bogar gida huɗu.
4. Ka duba tsakiyar naman. Niƙaƙƙen nama sai ya kai zafin digiri 71 a ma'aunin Salshiyos ake amincewa da shi. In ka ga ɗanye, ajiye.
5. Ka gutsiri naman shi kaɗai. Nan ake gane gwani, domin da yawa da mayonis suke rufa wa busasshen nama asiri, kuma abin na ɓata mini rai.
6. Ka danna burodin da yatsa. Mai kyau yakan taso, ba ya jiƙewa ya dagargaje.
7. Ka haɗa nama, cuku, latas, tumatir da albasa a loma ɗaya.
8. Ka rubuta maki nan take. Kada soyayyen dankalin Jos da ke gefe ya ruɗe ka, ba shi ake gasa ba.
9. Ka kurkure baki da ruwa zalla, ban da zoɓo.
10. Ka bar mai yaji sai ƙarshe, barkono na daɗewa a harshe.