Babi na 6: Haɗa kyamarar shago da waya

Iyayena da yayyena, sannunku da ƙoƙari. Wasunku sun sayi kyamarar tsaro don shagonsu na babbar kasuwar Maraɗi, wasu don ƙofar gida a unguwar Zariya ko Sabon Gari, kuma har yau tana cikin kwali saboda yaron da zai haɗa ta bai zo ba. Yau da hannunku za ku haɗa ta.

Darasi na 1: Sauke manhaja

Manhaja ita ce abin da ake sa wa waya don ta nuna muku abin da kyamara ke gani. Sunanta yana jikin kwali ko cikin 'yar takardar da ta zo da shi. Ku nemi Play Store a wayarku, alamar nan mai kusurwa uku da launuka. Ku taɓa ta sau ɗaya, a hankali. A layin sama ku rubuta sunan manhajar baƙi bayan baƙi, kuna kallon kwali. Yawancin wayoyinmu da Faransanci suke magana, don haka ku taɓa inda aka rubuta Installer, ku jira. In ta gama, rubutun zai koma Ouvrir. Idan ta nemi izini, ku taɓa Autoriser. Manhajar da wani ya turo muku ta WhatsApp, ku bar ta inda take.

Darasi na 2: Kalmar sirrin wifi

Ku gyara zama, nan ne kowa ke tuntuɓe.

Kyamara sai da wifi take magana da waya. Idan kun ga sunan wifi ɗinku biyu, ɗaya da 5G a ƙarshensa, ku zaɓi ɗayan. Shi ake ce wa 2.4, kuma yawancin ƙananan kyamarori da shi kawai suke aiki. Daga nan manhaja za ta nemi kalmar sirri, wadda ba ta gaza baƙaƙe 8 ba.

A wajen waya, babban baƙi daban, ƙaramin baƙi daban. Babban A da ƙaramin a, a bakinmu sautinsu ɗaya, amma ita ba ta yarda ba. In an rubuta babba, ku sa babba. Yaya ake yin babba? Akwai kibiya mai kallon sama a hagun baƙaƙen. Ku taɓa ta, sannan ku taɓa baƙin. Kibiya, sannan baƙi. Ku faɗa da baki: kibiya, sannan baƙi.

Kuna rubutu za ku ga ɗige-ɗige maimakon baƙaƙe. Wayar ba ta lalace ba, ɓoye sirrin take yi. A gefen dama akwai hoton ido. Ku taɓa idon, abin da kuka rubuta zai bayyana. Ku ɗora yatsa kan takardar da aka rubuta kalmar sirrin, ku gwada ɗaya bayan ɗaya: wannan babba ne ko ƙarami? Wannan O ne ko sifili, 0? Sifili ya fi sirantaka. Wannan 1 ne ko ƙaramin l?

Wani dattijo a ajinmu ya yi dare uku yana fama, har ya ɗaure kyamara zai mayar wa mai shago, yana cewa an cuce shi. Da muka taɓa idon, O ya sa a gurbin sifili. Ba abin kunya ba ne, shekara biyu da suka wuce ko sunansa ba ya iya rubutawa.

Amma don Allah, ku taɓa idon. Na faɗa a aji, na rubuta a allo, duk da haka sai mutum ya danna gaba ido rufe, ya dawo yana ce mini malam abin nan ba ya yi. Yana yi! Kai ne ba ka duba ba. A sake: kibiya, sannan baƙi. A taɓa ido. A gwada da takarda. Sannan a wuce.

Darasi na 3: Nuna wa kyamara zane

Waya za ta fito da wani zane baƙi da fari mai kusurwa huɗu, ana ce masa QR. Ku juya fuskar wayar ta kalli idon kyamara, tazarar taƙi ɗaya, hannu kada ya yi rawa. Za ku ji ƙara ko murya. In ta ƙi haɗuwa, yawanci kalmar sirrin ce. Ku danna ɗan maɓallin da ke cikin rami a jikin kyamara da tsinke har ta yi ƙara, ku koma darasi na 2.

Darasi na 4: Naku sirrin

Wasu kyamarori suna zuwa da kalmar sirrin kamfani, wadda duk mai irinta ya sani. Ku canja. Ban da 1234, ban da lambar wayarku. Ku rubuta a littafin gida, ba a bangon shago ba.

Darasi na 5: Memori da wuta

Ku sa katin memori don ta adana hoto. In wuta ta ɗauke, kyamara ta ɗauke, sai mai sola ko batir.