Yadda ake yin kek ɗin gwangwani don sayarwa a kalankuwa da ranar kasuwa

Da an gama girbi, gero da dawa sun shiga rumbu, kuɗi kan ɗan zauna a hannun mutanen karkara. Lokacin ne ake kalankuwa, ake ɗaura aure, masu dambe da kokawa suke zagaya ƙauyuka. Masu alkaki da nakiya da gireba sun daɗe da sanin wannan kasuwa. Kek kuwa bai yawaita a irin wannan taro ba, wanda ake kawowa daga gari ma sau da yawa ya kwana uku a hanya, ya bushe. Nan kasuwarki take, uwargida.

Amma kek ɗin taron ƙauye ba irin na bikin zagayowar haihuwa ba ne. Ana so ya zama ƙarami, mai jure rana da ƙura da girgizar babur, kuma kuɗinsa ya zama wanda yaro zai biya da takarda ɗaya. A kan wannan za ki gina komai.

Fara da lissafi, tun kafin ki kunna wuta

Ki rubuta kuɗin fulawa, sukari, bota, ƙwai, madara, gawayi, leda da kuɗin mota. Ki haɗa, ki raba da yawan kek ɗin da kwaɓin zai ba ki. Idan guda ɗaya ya tsaya miki a kan kuɗin da ba za ki sayar ki ci riba ba, girmansa za ki rage, ba ingancinsa ba. Mata da yawa suna faɗuwa a nan: sukan manta gawayi da kuɗin mota, sai a tashi kasuwa bokiti ya ƙare amma uwar kuɗi ba ta dawo ba. Idan kina kusa da Kano, ki haɗa kuɗi da maƙwabta ku sayo fulawa da sukari a Kasuwar Singa ku raba, ya fi sayen awo a shagon unguwa sauƙi.

Ga kwaɓin da nake yi. Fulawa giram 500, wato kamar gwangwanin madara biyar. Bota giram 250. Sukari giram 250, gwangwani biyu saura kaɗan. Ƙwai shida. Bekin foda ƙaramin cokali huɗu. Madarar ruwa gwangwani ɗaya, gishiri ɗan kaɗan, sai filebo ko gyaɗar ƙamshi da kika goga. Wannan zai ba ki kusan guda 30 a ƙaramin gwangwanin tumatir, ko kusan 15 a na madara.

Gwangwanayen

Ki tara su tun da wuri. Ki wanke da ruwan zafi da sabulu, ki shanya su bushe sarai, ki sa a buga bakinsu da guduma don kada ya yanke ki. Wanda ya fara tsatsa ki yar da shi. Idan da hali, ki sayi na alminiyum da ake yi don kek, sun fi daɗewa. Kafin zuba kwaɓi ki shafa bota a ciki har ƙasa, ki barbaɗa fulawa, ki kife ki karkaɗe.

Bugun kwaɓi

Nan ne kek yake gyaruwa ko ya lalace, saboda haka kada ki yi gaggawa. Ki zuba bota da sukari a roba mai faɗi, ki yi ta bugawa da muciya. Da farko zai yi rawaya, kina jin ƙasa-ƙasan sukari a gindin roba. Ki ci gaba. Bayan kamar minti 15 zuwa 20 za ki ga ya yi fari, ya ƙaru, ya yi laushi kamar man shanun da aka kaɗa yanzu. Iskar da kika kama a cikinsa ita ce za ta taimaki bekin foda wajen ɗaga kek ɗin. A lokacin hunturu bota kan daskare, sai ki ajiye shi kusa da murhu ya saki, amma kada ki bari ya narke ya zama mai.

Ƙwai kuma ki fasa kowanne a kofi daban kafin ki zuba. Ƙwai ɗaya da ya lalace zai ɓata miki kwaɓin gaba ɗaya. Ki zuba ɗaya, ki buga ya haɗe, sannan ki ƙara wani.

Ki tankaɗe fulawa tare da bekin foda da gishiri. Ki riƙa zubawa kaɗan-kaɗan kina bi da madara, kina juyawa a hankali. Da fulawa ta shiga, bugu ya ƙare. Idan kika ci gaba da bugawa kek zai yi tauri, yana jan baki kamar burodi. Kwaɓin da ya yi daidai shi ne wanda zai faɗo daga cokali da kansa bayan ɗan jinkiri. Ki cika kashi biyu cikin uku na gwangwani, ki bar masa wurin tashi.

Gashi

Mai obin ta sa shi a digiri 180, minti 20 zuwa 25. Wadda ba ta da shi, babbar tukunya ta ishe ta. Ki zuba yashi mai tsabta a gindinta kaurin yatsa biyu, ki rufe, ki ɗora a kan gawayi ya yi zafi kamar minti 15. Sai ki ɗora tsohon faranti ko murfin ƙaramar tukunya a kan yashin, ki jera gwangwanaye ba tare da sun taɓa jikin tukunyar ba. Ki rufe, ki zuba garwashi a kan murfin. Wutar sama ta ɗan fi ta ƙasa, domin yawancin kek ɗin tukunya ta gindi yake ƙonewa alhali samansa bai nuna ba.

Kada ki buɗe kafin minti 15, in ba haka ba tsakiyarsa zai lotsa. Idan ƙamshi ya cika tsakar gida, ki soka tsinke a tsakiyar ɗaya. Ya fito a bushe, ya gasu.

Kala nawa za ki kai?

Uku sun isa. Daga kwaɓi ɗaya za ki fitar da su, ki raba shi gida uku kafin ki zuba a gwangwani.

Na dabino shi ne na fi so ki fara da shi. Ki cire ƙwallon, ki yanka ƙanana, ki jiƙa a ruwan zafi ya yi laushi, ki tsane, ki juya a cikin kwaɓi. Idan duk kwaɓin na dabino za ki yi, ki rage sukari da kashi ɗaya cikin uku, domin dabino ya kawo nasa zaƙin. Yana riƙe laushi kwana uku zuwa huɗu, kuma dattawan da ke cewa kek kayan yara ne, da sun ji an ce na dabino ne sukan miƙa hannu.

Na citta da kanumfari yana tafiya da shayi, musamman da sanyin dare. Na kwakwa, ki goga ta ki ɗan soya a kasko ba mai har ta bushe, domin ɗanyar kwakwa tana saurin sa kek ya yi tsami. Karas ma yana araha da rani idan na lambu ya shigo, kuma gogaggen karas yana sa kek laushi da launi mai kyau. Na ayaba yana da daɗi, ayabar da ta nuna luguf ma kusan kyauta ake ba da ita, sai dai ba ya wuce kwana biyu, don haka ki yi shi daren jajibiri kawai. Idan kin barbaɗa gyaɗa a sama, ki faɗa wa mai saye, akwai waɗanda jikinsu ba ya karɓarta.

Kirim da sauran kayan ado na sama, ki bar su a gida. Rana za ta narkar da su, ƙura ta manne, ƙuda ya taru.

Ɗauri da fita kasuwa

Farkon fitata na yi kuskuren da har yau nake jin zafinsa. Dare ya yi, na gaji, na ƙulle kek a leda da sauran ɗuminsa. Da safe ledojin duk sun yi gumi, saman kek ɗin yana manne wa yatsa, kafin la'asar wasu sun fara wari. Rabin bokiti na zubar. Ki fitar da su daga gwangwani, ki jera a faifai, ki rufa mayafi mai tsabta, su huce har ciki kafin leda ta taɓa su.

Ki ɗaure ɗaiɗai a farar leda, ki jera a bokiti mai murfi wanda ake ganin cikinsa. Ki ware wasu ki haɗa uku-uku ko biyar-biyar a ɗauri mai kyau, domin a kalankuwa samari suna sayen toshi, kuma ba sa son miƙa wa budurwa guda ɗaya. Ki tanadi canji tun daga gida, 'yan naira 50 da 100.

Wurin zama ki nemi inuwa, kusa da hanyar da ake bi zuwa filin wasa, nesa da inda ake ɗaure dabbobi. A manyan kasuwannin mako irin ta Wudil ranar Juma'a ko ta Maigatari ranar Alhamis, bakin tasha da rumfunan masu shayi sun fi ciniki. Ki yanka guda biyu ƙanana-ƙanana a faranti mai murfi don ɗanɗano. Ni dai shawarata, ki zauna da kanki ko ki sa babba, kada ki tura ƙaramar yarinya talla cikin taron dare.

Kafin a watse, ki leƙa wurin mai shayi ki ce, "Malam, ga na citta, in bar maka goma ka gwada?" Ki sauke masa farashi kaɗan. Idan ya sayar, ranar kasuwa mai zuwa shi zai fara nemanki. Da kin koma gida ki rubuta kalar da ta fara ƙarewa da wadda ta yi kwantai, da ita za ki auna kwaɓin mako mai zuwa.