Yadda ake kwashe kashin jemage daga silin ba tare da an shaƙi cuta ba

Ƙwayoyin korona da jemagu ke ɗauke da su a hanji suka fi zama, ta kashi kuma suke fita. Shi ya sa mai share silin da mai shiga kogo ɗibar taki suka fi kowa kusa da haɗarin. A 2010 masu bincike suka ba da rahoton wata ƙwayar korona dangin SARS (cutar numfashi mai tsanani) a jikin jemagen da aka kama a kogo kusa da Zariya. Galibin waɗannan ƙwayoyi ba sa kama mutum kai tsaye: SARS ta 2002 a China sai da ta bi ta dabbobin kasuwa, MERS (wata cutar numfashi irinta) kuma ta raƙuma. Sai dai ido ba ya tantance mai haɗari.

A fara fitar da jemagun. Da magariba a tsaya a ga ramukan da suke fita, a rufa musu raga mai ƙananan idanu, a manne sama da gefe, a bar ƙasa a sake. Za su fita, komawa ta gagara. Bayan mako guda a toshe da siminti ko waya. Ramin da ɗan yatsa zai shiga ya ishe su. Idan ana jin kukan 'ya'yan jemage a dakata, in ba haka ba su mutu su ruɓe a ciki. Hayaƙi da guba ɓarna ce: jemagu na faɗowa a galabaice, yara da kyanwa su ɗauka.

Babban kuskure shi ne sa tsintsiya a busasshen kashi, domin ƙurar da ta tashi huhu za ta nufa. A sa takunkumin N95 da ya kama hanci sosai (na kyalle bai isa ba), da safar hannu ta roba, da tabarau. A haɗa bilic kashi 1 da ruwa kashi 9, a fesa wa kashin jemagen a hankali har ya jiƙe, a bar shi minti 10, sannan a kwashe da shebur a leda biyu a ɗaure a binne nesa da rijiya da garke. Kada a gauraya bilic da wani sinadari.

Wanda jemage ya ciza ya wanke wurin da sabulu minti 15, ya tafi asibiti ranar saboda allurar cutar haukan kare. Idan zazzaɓi ko tari ya biyo bayan aikin, a gaya wa likita an taɓa kashin jemage.