Yadda ake koya wa mai jin harshen Fotugis jimlolin sharaɗi na Turanci

Duk malamin da ke koyar da Turanci ta intanet, ko ba jima ko ba daɗe zai haɗu da ɗalibi daga Barazil, Angola ko Mozambik. Barazil kaɗai ƙidayar 2022 ta nuna tana da mutum sama da miliyan 200, Mozambik kuwa tun 1995 take cikin ƙungiyar Kwamanwel, kuma a duk maƙwabtanta Turanci na cikin harsunan aikin hukuma. Inda na fi ganin sababbin malamai na tuntuɓe da waɗannan ɗalibai shi ne jimlolin *if*. Sai malam ya zana jadawali mai gida huɗu na nau'o'in sharaɗi, waɗanda ake kira sifili, ɗaya, biyu, uku, ya cika shi tsaf cikin awa guda. Ɗalibi ya haddace, ya ci gwajin cike gurbi, washegari ya buɗe baki ya ce *If I will have time, I call you*. Ni ba na fito da wannan jadawali a makon farko, kuma ba na ba kowa shawarar ya yi haka.

Fara da abin da yake da shi a baki

Ba sai ka iya harshen Fotugis ba. Rubuta masa jimloli ukun nan kawai, ka ce ya faɗa maka bambancinsu:

*Se eu tiver dinheiro, vou comprar uma casa.*
*Se eu tivesse dinheiro, compraria uma casa.*
*Se eu tivesse tido dinheiro, teria comprado uma casa.*

Nan take zai gaya maka cewa a ta farko yana sa ran kuɗin, a ta biyu ba shi da su yanzu, a ta uku kuwa lokacin ya riga ya wuce. Ka ga ke nan ma'anar ba ita ce matsalarsa ba, don haka kada ka ɓata masa kuɗin darasi wajen bayanin mene ne sharaɗi. A nan ma harshensa ya fi namu kusa da Turanci. Mu idan muka ce "da ina da kuɗi da na sayi gida", jimla ɗaya ce ke ɗaukar yau da bara, sai mahallin magana ya raba. Shi kuwa aikatau ɗinsa ya raba masa tun yana yaro. Aikinka shi ne ka ɗora Turanci a kan *tiver*, *tivesse* da *tivesse tido*, ɗaya bayan ɗaya.

Raba shi da *will* a bayan *if*

Nan ne aikin yake, kuma nan za ka zauna ko da zai ci darasi uku. Kalmar *tiver* wani lokaci ne na aikatau da ake kira *futuro do subjuntivo* a makarantun Barazil, a Fotugal da Angola da Mozambik kuma *futuro do conjuntivo*. Harshen Sifaniya ya kusa barinsa sai a takardun shari'a, amma mai Fotugis yana amfani da shi a kasuwa da cikin gida kullum. Tun firamare an gaya masa sunansa *futuro*, wato lokaci mai zuwa, kuma malamin Turancinsa na farko ya gaya masa lokaci mai zuwa shi ne *will*. To me zai hana shi cewa *If I will have*? Hankalinsa ne ya kai shi, ba sakaci ba.

Malami Bahaushe bai cika hango wannan ba, domin mu "idan na samu lokaci zan kira ka" muke cewa, ba mu sa "zan" a ɓangaren sharaɗin. Shi ya sa yake gyarawa sau ɗaya ya wuce, yana zaton ɗalibi ya ji. Bai ji ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma na ga masu Turanci mai kyau, ma'aikatan banki da injiniyoyi, da wannan kuskure ya bushe a bakinsu.

Ba shi ƙa'idar a layi ɗaya: duk inda harshenka ya ce *tiver*, ko 'yan'uwanta na wannan lokaci, *for*, *puder*, *quiser* ko *chegar*, Turanci lokacin yanzu yake so. Sannan a ranar ka haɗa da *when* da *as soon as*, domin *quando eu chegar* da *assim que eu puder* su ma wannan lokacin suke ɗauka, kuma daga nan *When I will arrive* take fitowa. Cuta ɗaya ce, kada ka raba maganinta gida biyu.

Atisayen da na fi yarda da shi shi ne na sarƙa, kuma da baki ake yinsa, ba a rubuce ba. Kai ka fara: *If it rains, I'll stay home.* Shi ya ɗauki ƙarshen jimlarka ya mai da shi farkon tasa: *If I stay home, I'll cook.* Ka karɓa: *If you cook, I'll come and eat.* Amfaninsa shi ne kowane zagaye yana tilasta masa ya ɗauki abin da yanzun nan ya ji da *will*, ya cire masa ita kafin ya ajiye shi bayan *if*. Idan ya zame, kada ka katse shi da bayani. Ɗaga yatsa ɗaya a gaban kyamara ka yi shiru, zai koma ya gyara da kansa. Ka riƙa jawo abin da ya shafe shi, cunkoson motoci idan ɗan birnin Sao Paulo na Barazil ne, ranar albashi, jarrabawar 'yarsa.

Ƙananan kurakurai uku za su ɓullo a cikin sarƙar, ka kasa kunne. A aikatau masu bin ƙa'ida, wannan lokaci kamanninsa ɗaya da tushen aikatau, *se ele chegar*, don haka sai ka ji *if he arrive* babu *s* a ƙarshe. Ka riƙa cusa *he* da *she* cikin atisayen da gangan. Na biyu, harshensa yana barin jimla ba wakilin suna, *se chover*, sai ya ce *if rains*. Na uku na 'yan Barazil ne musamman, waɗanda ke amfani da *ter* a ma'anar "akwai": *se tiver trânsito* sai ta zama *if have traffic* maimakon *if there is traffic*.

Ɗalibi mai kaifin basira zai zo maka da *I don't know if he will come*, ya ce ga *will* nan bayan *if*. Jimlar daidai ce, amma ba sharaɗi ba ce, tambaya ce a sakaye. Mayar da shi harshensa: a nan *não sei se ele vai vir* yake cewa, ba *vier*, 'yar'uwar *tiver*, ba. Inda ya ce *vai vir*, *will* ta halatta. Inda ya ce *vier*, ta haramta. Irin su *If you will wait here* na ladabi kuwa, kada ka ko ambace su yanzu.

Af, batun kuɗi. Ba ka bukatar sayen wani littafi mai tsada don wannan. Ka ce ya riƙa turo maka jimloli biyar kullum ta saƙon murya a WhatsApp, abin da 'yan Barazil suka saba da shi ƙwarai, kuma bai cin data kamar bidiyo. Ka dai lura da agogo: Najeriya ta riga Barasiliya, babban birnin Barazil, da awa huɗu, agogonmu ɗaya da Luwanda ta Angola, Maputo ta Mozambik kuma ta riga mu da awa ɗaya.

Sharaɗin da ba ya nan

Sai ya yi mako guda ba ka ɗaga yatsa ba sannan ka matsa nan. Wannan ya fi sauƙi: *tivesse* ita ce *had*, aikatau mai ƙarewa da *ria* irin *compraria* kuma *would* ce. Tarkon yana cikin maganar yau da kullum. Daga Lizbon ta Fotugal har Riyo ta Barazil mutane kan ce *se eu tivesse dinheiro, comprava uma casa*, wasu su ce *ia comprar*, daga nan sai *If I had money, I bought a house*. Idan ka ji haka, ce masa ya maimaita jimlar da harshensa yadda zai rubuta ta a jarrabawa. Da ya ce *compraria*, *would* za ta faɗo da kanta.

*If I were you* a dunƙule nake ba da ita, daidai da *se eu fosse você*. Ana jin *was* a bakin Turawa, amma a ajina *were* ce. Furuci ma ka tsaya a kansa kaɗan: *l* ɗin *would* ba a furta ta, kuma ɗan Barazil yakan ƙara wasalin *i* bayan baƙin ƙarshe, sai *if* ta zama "ifi", *I'd* ta zama "aiji". Sa shi ya manna baƙin da kalmar gaba, *if I* a numfashi ɗaya.

Kalmomi masu ruɗi

*Caso chova* ma'anarta *if it rains*, amma kamanni zai ja shi ya ce *in case it rains*. Nuna masa da laima: mai *in case* ya ɗauke ta tun sama na garau, mai *if* sai ya ga ruwa. *Desde que* kuma a sharaɗi *as long as* ce, ba *since* ba. *Unless* ba ta da wuya tunda yana da *a menos que*, ka dai hana shi ƙara mata *not*.

Abin da ya riga ya wuce

Wannan darasi ɗaya ya isa. *Tivesse estudado* ita ce *had studied*, *teria passado* ita ce *would have passed*, kusan kalma da kalma. Ka kula da *tinha passado* ta bakin titi, wadda ke haifar da *I had passed* a ɓangare na biyu. Koya masa jin *would've* a magana mai sauri, ka kuma nuna masa cewa *'d* kan tsaya a madadin *had* ko *would*. Gaurayayyun jimloli, masu sharaɗi a jiya da sakamako a yau, ka bar su sai in yana shirin jarrabawa irin B2 First ta Cambridge ko IELTS. Yanzu kana iya fito da jadawalin nan mai gida huɗu, amma shi zai cika shi da jimlolinsa, kowace da takwararta ta Fotugis a gefe.