Ga Ƙannena Masu Zuwa Amurka Koyon Gashin Sankarar Dabbobi

Daga Jos nake rubuto muku, ƙannena likitocin dabbobi da za ku sauka Amurka da niyyar ƙwarewa a gashin sankara da na'ura, wato ƙona ƙari da haske mai ƙarfi (radiation). Tun da na dawo gida, duk ranar da na leƙa cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom sai wani ya tare ni da tambaya, shi ya sa na ce bari in rubuta kowa ya samu.

Maganar takardu ba ta da tsawo. Digirin Zariya ko na Jos ba ya isa ka yi aiki kai tsaye, sai ka bi ta shirin ECFVG ko PAVE masu tantance digirin ƙasashen waje, sannan jarrabawar lasisi ta NAVLE. Daga nan shekara guda ta horon gama-gari a asibitin ƙananan dabbobi, kafin ka nemi gurbi ta tsarin VIRMP mai raba guraben horo. Horon ƙwarewar yawanci shekara 3 ne, ana farawa a Yuli, kuma hukumar ƙwararrun fannin, ACVR, ce ke shirya jarrabawar ƙarshe. Guraben kaɗan ne, don haka ka nemi manyan da za su rubuta maka shaida tun da wuri.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne kare. Mu da shanu da awaki da kaji muka taso, can kuwa kusan duk majinyatanka karnuka ne da kyanwoyi. Makona na farko wata dattijuwa ta kawo karenta mai ƙari a hanci, yana atishawar jini. Tana riƙe da bargonsa tana kuka, ni kuwa na tsaya ƙerere da takarda a hannu. Da ta fita, babbar likitarmu ta ja ni gefe ta ce in riƙa kiran karen da sunansa, in kuma zauna idan zan yi bayani. Wallahi wannan ya gyara mini aiki fiye da littafi. Tunda da karnuka za ka wuni, ka tanadi tufafi daban na yin sallah a akwatinka na asibiti, hankalinka zai kwanta.

Dabba ba ta kwanciya shiru, saboda haka kowane gashi sai an sa ta barci. Cikakken magani kan kai gashi sau 15 ko 20, Litinin zuwa Juma'a, akwai kuma mai ƙarfi da ake gamawa a gashi sau 1 zuwa 3. Za ka shafe sa'o'i gaban kwamfuta kana zagaye ƙari a hoton CT, kana kare ido da ƙwaƙwalwa. Ka yi abota da masanin fiziks ɗin sashen, don lissafin Gray, ma'aunin yawan hasken gashi, ba mu yi shi a makaranta ba. Bajon auna hasken da ya taɓa jikinka kuwa, kada ka shiga aiki babu shi.

Wata rana za ka tsaya gaban na'urar ka tuna layin marasa lafiya da ke jiran irinta a Abuja, zuciyarka ta yi nauyi. Ni ma na ji haka, har yanzu ina ji. Abin da ya riƙe ni shi ne na'urar da lissafin iri ɗaya ne da na mutane, kuma binciken sankarar ƙashi a karnuka, irin wanda Jami'ar Jihar Kolorado ta yi suna a kai, ya amfani yara masu irin cutar.

Idan Kolorado aka tura ka, kada sanyin Jos ya ruɗe ka. Ka sayi babbar riga da takalmin ƙanƙara kafin Oktoba.