Fita da Yara Ranar Asabar da Lahadi a Yamai

Daga Litinin zuwa Juma'a yara suna lakwal. Asabar da Lahadi kuwa suna hannunmu. Amma a gidaje da yawa kwana biyun nan sai su wuce ba a yi wa yaro wata magana ba in ban da "tashi", "kawo", "bari". Uwa na fama da wanki ko ta tafi biki. Uba ya fita neman abin cefane. Yara suna bakin titi, ko kuma sun haɗa kai a kan salula guda.

Wasu iyaye kan ce: "Ni da yanzu nake koyon baƙi, me zan koya wa yaro?" Kada wannan tunani ya kashe muku jiki. Ke da kike gane gero mai kyau da ido, da kai da kake yin lissafin kasuwa da ka, kuna da abin koyarwa mai yawa. Abin da ƙaramin yaro yake so wurin iyayensa shi ne a nuna masa abu, a faɗa masa sunansa, a bar shi ya yi tambaya, a amsa masa da sakin fuska. In kun fita tare, ku ma za ku sami inda za ku gwada karatun da muke yi a aji.

Gidan tarihi na Bubu Hama

In sau ɗaya kawai za ku iya fita a wata, ku fara da nan. An buɗe gidan a shekarar 1959, kuma yana ɗauke da sunan Bubu Hama, malamin makaranta kuma marubuci, wanda ya shugabanci majalisar dokokin Nijar har zuwa 1974. Yana tsakiyar gari, kusa da gadar Kennedy. Ku tambayi lokacin buɗewa da kuɗin shiga tun kafin ranar, don kada ku ɗebo yara ku tarar da ƙofa a rufe.

Yara za su ja ku wajen dabbobi. Ku bi su. Akwai zaki, da kura, da dorina, da kada, da jimina, da birai. Kada ku yi ta sauri daga keji zuwa keji don a ce an ga komai. Ku tsaya gaban dabba ɗaya, ku daɗe. Jimina ta isa misali. Tambayi yaron: "Ƙafarta nawa? Yatsu nawa ne a kowace ƙafa?" Bar shi ya duba da kansa, zai ga yatsu biyu ne kacal. "To kazarmu ta gida fa, yatsunta nawa?" In bai sani ba, kada ka faɗa masa. Ka ce in an koma gida ya kama kaza ya ƙirga. Yaron da ya gano abu da idonsa ba ya saurin mantawa, gani ya kori ji.

Daga nan ku je rumfar manyan ƙasusuwa. Na dabbobin da ake kira dinozor ne, har da na wani ƙaton kada. Daga hamadar jihar Agadas aka tono irinsu, musamman a wurin da ake kira Gadufawa. Dabbobin sun rayu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, lokacin da akwai gulabe da itatuwa a inda yau sai rairayi. Sa yaro ya auna tsawon dabbar da takunsa, daga kai zuwa wutsiya, kuna ƙirgawa tare da ƙarfi. Sannan kai ma ka taka. Naka takun ba zai kai nasa yawa ba. Tambaye shi dalili.

Akwai kuma wani busasshen icce da aka yi wa ɗaki. Yara kan wuce shi ba su kula ba, sai an ba su labarinsa. Shi ne iccen Tenere. Shi kaɗai yake tsaye a tsakiyar hamada, sai an yi tafiya mai nisan gaske kafin a ga wani icce. Ayarin raƙuma masu zuwa ɗaukar gishiri a Bilma da shi suke gane hanya, kuma ba mai karya reshensa don hura wuta. Saiwarsa ta nutsa fiye da mita 30 tana neman ruwa. A 1973 wata babbar mota ta buge shi ya faɗi, aka kawo shi Yamai. Wannan labari ya cancanci a tsaya a faɗe shi a tsanake, domin yaron da ya ji shi zai fahimci abin da ya sa ake dasa itatuwa kowace ranar 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kai.

Kafin ku fita, ku leƙa wajen masu sana'ar hannu: maƙeran azurfa, da dukawa, da masaƙa. Ku yi sallama, ku nemi izini yara su kalla. Ku koya musu kallo da hannu a baya.

Ga naku aikin, iyaye: a gaban keji da ɗakuna akwai allunan rubutu. Ko da Faransanci ne, baƙaƙen su ne waɗanda kuka sani. Nemi baƙin farko na sunanka. Nemi lamba. In ɗiyarki tana aji uku ta fi ki saurin karantawa, ki ce ta karanta miki. Babu abin kunya a nan, kuma za ki ga yadda fuskarta za ta cika da murna.

Bakin gulbi

Kallon kogin Isa kyauta ne. Ya taso daga duwatsun ƙasar Gini, ya ratsa Mali, ya biyo ta Yamai, ya wuce Najeriya ya faɗa teku, tafiyar da ta haura kilomita 4,000. Gada uku ke haɗa gari da Harobanda, wato ƙetaren gulbi: ta Kennedy da aka buɗe a 1970, ta biyu a 2011, ta uku mai sunan Janar Seyni Kunce a 2021. Kafin gada ta farko, da jirgi ake tsallakawa. In akwai tsoho a gida da ya ga wancan zamani, yara su tambaye shi.

Ga tambayar da har manya ba kowa ya san amsarta ba: me ya sa gulbi ke cika a cikin sanyi, alhali ko ɗigon ruwan sama ba a yi? Gulbin Yamai sau biyu yake cika. Cikar farko cikin damina ce, wajen Agusta da Satumba, kuma ruwan ja yake zuwa saboda laka da ƙoramu ke kwasowa. Ta biyu ruwan da ya sauka a Gini ne. In ya shiga Mali sai ya bazu cikin manyan fadamun yankin Mopti, ya daɗe yana tafiya a hankali, ba ya isowa nan sai wajen Disamba da Janairu. Ku kai yara wuri ɗaya a lokuta dabam-dabam, ku zaɓi wani icce ko dutse ya zama alama, su ga inda ruwa ya kai da inda ya janye. In babba ya ɗebo ruwan damina a kwalba aka ajiye shi ya kwana, da safe za su ga laka ta kwanta a ƙasa.

Sauran abin kallo ba sai an lissafa muku ba: masunta da tarunsu, balbela da zalɓe, gonakin shinkafa na wajen Saga, da lambunan salati da kabeji da zogale. Mai lambu in aka gaishe shi da ladabi ba ya rowar bayani.

Sai dai a nan dole a ja kunne. Yaro ba ya shiga ruwan nan, ko da iyakar idon sawu ne. Akwai rami, akwai ƙarfin ruwa, kuma akwai dorina a wasu wurare. Akwai kuma tsargiya: ƙananan katantanwa da ke cikin ruwa mai kwanciya su ke ɗauke da tsutsar, ita kuma ta fata take shiga jiki. In kun ga jini a fitsarin yaro, ku kai shi likita, akwai magani. Hannun ƙaramin yaro ya kasance cikin naku tun daga zuwa har dawowa. Ranar da gulbi ya yi ambaliya, a zauna gida.

Za ku ji yara na zancen raƙuman dawa na Kure, kimanin kilomita 60 a kan hanyar Doso. Su ne ragowar irinsu a Afirka ta Yamma. Amma tafiya ce mai nisa ga ƙananan yara, kuma ba a yin ta sai an tabbatar da halin tsaro daga hukuma, an kuma sami ɗan jagora.

Cefane ma darasi ne

Ba sai an ware rana ba. In za ki Katako, ko Wadata, ko ƙaramar kasuwar unguwa, ɗauki yaro ɗaya. Ɗaya tak, don kasuwa akwai cunkoso. Wani mako sai ki ɗauki wani. Ɗan shekara 3 ya faɗi launin tumatir da na kuɓewa. Ɗan shekara 5 ya ƙirga albasa nawa ne a kashi. Ɗan shekara 7 kuwa a ba shi kuɗi a hannu.

Karanta wannan hira:

"Inna, a jikin kuɗin nan an rubuta 100, amma kin ce dala ashirin."

"Haka ne, ɗana. Dala ɗaya tamma 5 ce. Tsinto tsakuwa. Ƙirga biyar-biyar har ka kai ɗari, duk ƙirge ɗaya ka ajiye tsakuwa ɗaya."

"Biyar, goma, sha biyar, ashirin..."

"Ci gaba. To, tsakuwa nawa ka tara?"

"Ashirin, Inna!"

"Madalla. Ka ga dalarka ashirin."

Wannan wuri yana rikita yara sosai a lakwal, domin lambar da ke rubuce dabam, abin da baki ke faɗa dabam. Manya masu koyon rubutu ma yana ba su wuya. Ku riƙe waɗannan: 25 dala biyar, 50 dala goma, 100 dala ashirin, 500 dala ɗari, 1,000 jika guda.

Ranar da ba kuɗin taksi

Tsakar gida ta isa. Ku huda gindin gwangwanin tumatir, ku zuba ƙasa, yaro ya shuka wake uku da hannunsa. Shi zai riƙa ba su ruwa. Cikin ƴan kwanaki za su tsiro. Kowace Asabar a auna tsiron da kara, a yi wa karan tsaga. A rubuta sunan yaron a jikin gwangwanin, kuma ku za ku rubuta, yana kallo.

Ko kuma a kafa sanda a rana da hantsi, a aza dutse a ƙarshen inuwarta. A sake yi da azahar, a sake da la'asar. Yara su faɗi lokacin da inuwa ta fi gajarta. A share ƙasa a rubuta baƙaƙe da yatsa. A kwaɓa yumɓu a gina shanu. A yi mota da karan dawa. Jariri da ke goye ma yana cikin darasi: ki riƙa yi masa magana da waƙa, kina faɗa masa abin da kike yi. Sai dai a nisanta shi da wake da tsakuwa, don komai baki yake kaiwa.

Da dare, bayan tuwo, a kashe salula a shimfiɗa tabarma. A yi kacici-kacici: "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." Tsintsiya ke nan. In kaka ta gama tatsuniya, a ce yaro ya maimaita ta da bakinsa, kada a katse shi ko ya karkace. Maimaita labari daga farko zuwa ƙarshe shi ke shirya yaro ya fahimci abin da zai karanta a littafi. Cikin sanyi, in sama ta yi garau, ku nuna musu taurarin nan da ake kira Kaza da ƴaƴanta.

Shirin fita

Ku fita da sassafe ku dawo kafin rana ta take. A watan Afrilu da Mayu zafin Yamai yana wuce digiri 40, kuma jikin yaro ya fi na babba saurin bushewa. Ku ɗauki ruwa mai tsabta fiye da yadda kuke zato, da hula, da takalmi, da ɗan abinci daga gida: ƙosai, gyaɗa, ko dambu. Guzurin gida yana rage kashe kuɗi da kukan "saya mini". In fitar yamma ce, a dawo kafin magariba saboda sauro. Ku rubuta lambar wayarku a takarda ku sa a aljihun kowane yaro, kuma ku koya masa cikakken sunan mahaifinsa da sunan unguwarku.

Kada a bar ɗiya mace gida tana wanke-wanke, a tafi da maza kallon zaki. A gama aikin tare, a fita tare. Maigida kuma kada ya ce wannan sha'anin mata ne. Awa biyu da uba ya yi yana riƙe da hannun ɗansa yana amsa tambayoyinsa, yaron zai daɗe yana ba da labarinsu. In kuɗin mota ya yi nauyi, ku haɗu da maƙwabta, gida biyu ko uku, ku riƙa yin karɓa-karɓa.

Aiki

1. Rubuta sunan wuri ɗaya da za ka kai yaranka a wannan wata, da ranar da za ku je.

2. Rubuta sunayen dabbobi biyar da aka ambata a cikin darasin.

3. Wata uwa ta fita da jika biyu. Ta kashe dala 160 a mota zuwa da dawowa, da dala 60 a ƙosai. Dala nawa suka rage? Rubuta amsar da dala, sannan ka rubuta ta da lambar da ke jikin kuɗi.

4. Bayan kun dawo, tambayi yaronka abin da ya fi burge shi. Rubuta amsarsa yadda ya faɗe ta, ko jimla ɗaya ce, ka zo da ita aji mai zuwa mu karanta tare.