Komawar fitsari zuwa ƙoda ga yara: kurakuran da ake yi yayin jiran warkewa

Idan likita ya shaida wa uwa cewa fitsarin ɗanta yana komawa baya daga mafitsara zuwa ƙoda, tambayar da ke fara zuwa bakinta ita ce ko yaron zai rabu da matsalar idan ya girma. Yawancin yara suna rabuwa da ita. Bututun da ke sauko da fitsari daga ƙoda yakan ratsa naman mafitsara a karkace kafin ya buɗe a ciki, ta yadda idan mafitsara ta cika ko ta matse, naman zai danne bakin bututun ya rufe shi. Wasu yara ana haihuwarsu da wannan ratsi gajere, amma yana ƙara tsawo yayin da jiki ke girma, sai komawar fitsarin ta tsaya da kanta.

Kuskuren farko shi ne ɗaukar cewa wannan albishir ya shafi kowane yaro. Likitoci sun raba matsalar mataki biyar gwargwadon tsananinta. A mataki na 1 da na 2, kusan kashi 80 cikin 100 na yaran suna warkewa ba tare da tiyata ba. A mataki na 3 kusan rabi ne, amma a mataki na 5, inda bututun ya kumbura ya nannaɗe, da wuya girma kaɗai ya gyara shi. Akwai kuma jarirai maza da ake haifa da wani tantani da ke tare hanyar fitar fitsari, waɗanda fitsarinsu ke fita da yunƙuri ko yana ɗiga kaɗan-kaɗan. Su aiki suke bukata da wuri, ba jira ba. Saboda haka bai kamata iyaye su bar gaban likita ba sai sun ji matakin da ɗansu yake.

Kuskuren da ya fi kowanne ɓarna a nan Kano, a ganina, shi ne yadda muke ɗaukar zazzaɓi. Da jikin yaro ya yi zafi sai a ce maleriya ce ko taifot, a aika kemis a sayo magani, wani lokacin a haɗo da maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ga yaron da fitsarinsa ke komawa baya, zazzaɓin na iya zama alamar ƙwayoyin cuta sun hau har ƙoda, kuma jariri ba shi da bakin da zai ce fitsari na yi masa zafi. Abin da za a gani shi ne zafin jiki, amai, ƙin kama nono da yawan kuka. Irin wannan ciwo ne ke barin tabo a ƙoda, tabon kuma ba ya gogewa ko da komawar fitsarin ta tsaya daga baya, yana iya haifar da hawan jini ko raunin ƙoda bayan shekaru. Gyaran shi ne a kai yaron asibiti a ranar da zazzaɓin ya fara, a yi gwajin fitsari tare da na maleriya, kuma a ɗebi fitsarin a kwalba mai tsabta kafin a ba shi maganin kashe ƙwayoyin cuta ko ƙwaya ɗaya, domin maganin da aka riga aka sha yana ɓoye ƙwayoyin cutar a gwaji. Cewa "sanyi ne" a ɗura wa yaro jiƙo yana cinye kwanakin da ya kamata a ce magani ya fara aiki.

Wasu kuma da zarar hoton sikanin ya nuna ƙoda lafiya sai su ɗauka an gama. Sikanin ba ya kore matsalar. Gwajin da ke tabbatar da ita shi ne wanda ake saka siririyar roba a zuba wani ruwa a mafitsara, a ɗauki hoto lokacin da yaro ke fitsari, kuma likitan yara ne, a wuri irin Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko asibitin yara na Hasiya Bayero, zai faɗi ko ana bukatarsa.

Maganin kashe ƙwayoyin cuta da ake ba wasu yara kaɗan-kaɗan kullum don kariya shi ma ana kuskure a kansa ta fuska biyu: masu dainawa da sun ga yaro ya murmure, da masu ci gaba da saye shekara da shekaru ba tare da komawa asibiti ba. Wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2014, kan yara 607, ya nuna cewa maganin ya rage dawowar ciwon da kusan rabi, amma idan ciwon ya dawo ƙwayoyin cutar sun fi bijire wa maganin. Don haka farawa da dainawa duk hukuncin likita ne.

Abin da aka fi rainawa shi ne bayan gida. Hanji da ya cika da busasshen kashi yana danne mafitsara, yana hana ta zubar da fitsari duka, kuma yana jinkirta warkewa. Haka nan yarinyar da ke riƙe fitsari tun daga makarantar boko har Islamiyya saboda ƙyamar banɗaki. A saba wa yaro yin fitsari duk bayan awa biyu zuwa uku, a ƙara masa ruwan sha musamman a zafin bazara, a yawaita masa ganye da 'ya'yan itace, a kuma koya wa 'ya mace yin tsarki daga gaba zuwa baya.

Idan ciwon ya ci gaba da dawowa duk da magani, tsoron tiyata bai kamata ya hana a yi ta ba, domin aikin sake dasa bututun a mafitsara yana nasara fiye da kashi 95 cikin 100. Matsalar tana bin jini, don haka idan ƙanin yaron ko ƙanwarsa ta yi zazzaɓin da ba a gano dalilinsa ba, a faɗa wa likita tarihin gidan. Yaron da aka samu tabo a ƙodarsa kuwa a riƙa yi masa awon hawan jini duk shekara, idan mace ce kuma ta ambaci wannan tarihi ranar da ta fara zuwa awon ciki.